Akwatin Hoton da Na Sayo a Mayahi

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma na gwada mantawar ta ƙi, da akwatin ɗaukar hoto na farko da na saya da gumina. 'Yan shekaru ne bayan ƙasa ta samu mulkin kai. Ina saurayi, sabon mushe (haka muke kiran malamin boko) a wata lakwal, wato makaranta, a Tasawa, ina koya wa yara lissafi da Faransanci. Ina da wando biyu masu kari, da keke ɗaya, kuma a ganina duk faɗin gundumar babu abin da zai gagari kaina.

Zamanin gyaɗa ne (mu gujiya muke cewa, amma bari in rubuta yadda kowa zai gane). Wanda bai ga Tasawa da kaka ba a shekarun nan, da wuya in iya kwatanta masa. Tun hantsi jakuna da raƙuma suna shigowa daga Kona da Baudeta, ana awo, ana jibge buhuna har su fi soro tsawo, kamiyo, manyan motocin kaya, suna jere suna jiran lodi. Garin duka ƙamshin ƙuli-ƙuli yake yi. Teloli ba sa hutawa, kuma duk wanda ya ɗinka sabuwar riga yana so a ɗauke shi hoto da ita. Sai dai mai hoto mafi kusa yana Maraɗi.

Wannan shi ne dalilin da na gaya wa mutane. Dalilin gaskiya sunanta Mariyama. Mahaifinta, Alhaji Ilu, yana cikin manyan masu sayen gyaɗa a garin. Iyayena sun je masa da maganar aure, ya ce za a duba, kuma wata biyu ana dubawa. Na ji a bakin mutane wai ya ce bai san yadda mutum zai riƙe gida da alli ba. Sai na ƙudura in ƙara sana'a a hannuna, sana'ar da duk Tasawa babu mai ita.

Abin da na tara bai wuce albashin wata biyu ba, saboda haka sabo ba ya cikin zance. Wata Alhamis (a lokacin ba a karatu ranar Alhamis) na shiga mota zuwa Maraɗi, wurin wani tsohon mai hoto Bayarabe da ake kira Baba Lasisi. Ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ya fito min da wani akwati na katako mai ƙafa uku, irin wanda mai ɗauka yake lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle. Tsakiyarsa fata ce mai naɗewa kamar zugazugin maƙeri, ido na gilashi a gaba, wani gilashin a baya inda ake duba hoto. Amma Allah ya sani, akwatin nan muni gare shi. Fatar duk faci ce, ƙafa ɗaya an ɗaure ta da waya, katakon ya yi baƙi da gumin hannu.

Baba Lasisi ya ce, "Mushe, kada ka dubi fuskarsa. In za ka sayi tsohon akwati, ka miƙe fatar, ka sa kanka ciki, ka fuskanci rana. In ka ga taurari, akwai huda, ka bar shi. Ka kasa kunne ga idon in ya buɗe ya rufe. Ka girgiza ƙafafun. Wannan ya tsallake duka. In ka saya, sai ka riƙa zuwa min duk Alhamis har bakwai, in koya maka."

Alhamis bakwai! Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane, in zo in zauna gaban wanda ko jarida ba ya karantawa? Ga shi kuɗin da ya faɗa zai cinye duk abin da ke aljihuna. Na ce zan yi shawara.

A hanyar komawa wani shofer, wato direba, ya ba ni labarin wani akwatin a Mayahi. Wani Bature mai aikin gona ne ya bar wa kukunsa da zai koma ƙasarsu, kukun kuma bai san abin da zai yi da shi ba. Alhamis ta gaba ina Mayahi. Da kukun ya kwance bargon da ya naɗe shi, na matso na ƙura masa ido. Katako ja yana sheƙi, kusoshi na tagulla, fata baƙa wuluk babu ko faci, ga jakarsa mai maɗauri. Ban miƙe fata ba, ban fuskanci rana ba, ban kasa kunne ga komai ba. Na hango kaina kawai a tsaye bayansa a ƙofar gidan Alhaji Ilu.

Na ce, "Ka san yadda ake aiki da shi?"

Kukun ya ce, "Ni dai na ga yakan shiga cikin ƙyallen, ya daɗe, ya fito yana zagi."

Wannan shi ne duk darasin da ya zo da akwatin. Amma ya fi na Baba Lasisi araha, har na rage ɗan abin sayen fim. Na biya, na ɗaure shi a baya kamar jariri.

Irin wannan akwati ba a sa masa fim mai naɗi. Fim ɗinsa falle-falle ne, kowane falle hoto ɗaya, girmansa kamar tafin hannu biyu. Ana zura shi cikin wani siririn allo mai fuska biyu, kowace fuska falle ɗaya, kowace da murfinta mai zamewa. Kuma sai a cikin duhu ake zurawa. Dole dai na koma wurin Baba Lasisi. Ya juya akwatin, ya sa kansa ciki, ya yi duk binciken da ni ban yi ba, sannan ya ce na yi sa'a, lafiyarsa lau. Kuɗina falle biyu suka saya. Ya shiga ɗakin duhunsa ya zura min su, ya fito yana nuna min bakin murfin da yatsa.

"Ka ga nan fari, in ka juya baƙi. To, in ka ɗauka..."

A daidai nan motar Tasawa ta soma oda a tasha. Na karɓe allon daga hannunsa, na ce, "Baba, na karanta duk wannan a littafi." (Babu littafin da na karanta. Ko akwai shi ma ban sani ba.) Ya dube ni, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Kafin in sauka daga mota labari ya riga ni shiga gari. Kwana uku bayan nan Alhaji Ilu ya aiko kirana, karo na farko tun da aka kai maganar. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa a bakin zaure.

"Mushe, an ce ka sayo injin hoto."

"E, Baba."

"To, jibi kamiyo za su zo su kwashe. Tunda nike wagga sana'a ban taɓa tara irin ta bana ba. Ina so ta tsaya a takarda, ni da ita. Ka iya?"

Na ce, "Sosai, Baba." Na fito ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na san abin da ake aunawa ba hoto ba ne kaɗai.

Washegari da la'asar na ce bari in yi gwaji da falle ɗaya, in bar ɗaya don Alhaji. (Kada ka tambaye ni amfanin gwajin da ba za a ga sakamakonsa ba sai an kai Maraɗi an wanke. Ni ma na tambayi kaina daga baya.) So nake dai hannuna ya saba, kuma ba na so mutum ya ga ina lalube. Maƙwabcina wani dattijo ne, Malam Tanko, taubashin Alhaji Ilu, mutum mai baki kamar aska. Yana da wani farin jaki da yake ɗaurewa a ƙofar rumfarsa, kuma jakin nan in ya tsaya sai ka ce dasa shi aka yi. Na kafa ƙafa uku a gabansa, na shiga ƙyalle. Sai ga jaki kansa ƙasa, ƙafafu sama. Na ɗauka kukun ya cuce ni, har na soma tunanin kifa akwatin, kafin na tuna an taɓa koya mana a lakwal cewa haka gilashi yake juya abu. Na daidaita har gashin kunnensa ya fito, na zura allon, na zare murfi, na latsa, na ji ƙyat. Na mayar da murfin yadda na ciro shi, fari a waje, na jefa allon cikin jaka. Jakin bai ko kaɗa wutsiya ba.

Ranar aiki, tun da safe filin awon Alhaji ya cika. Tsibin buhunan nan ya yi tsawon da sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi. Alhaji ya fito cikin babbar riga baƙa ta shuni, tana ƙyalli, da rawani irinta. Ya tsaya a gindin tsibin, carbi a hannu. 'Yan dako sun bar aiki, mata na leƙe ta saman danga, kuma na san ɗaya daga cikin idanun nan na Mariyama ne. Malam Tanko yana gaba-gaba.

Ya ce, "Ilu, ka shigar da cikin nan, kada ya cika takardar a rasa wurin gujiya."

Alhaji ya ce, "Kai dai ka matsa, kada muninka ya fasa wa yaro gilashi."

Na shiga ƙyalle da ƙasaita. Ga surukin da nake fata nan a gilashi, rawani ƙasa, takalmi sama (wannan ban taɓa gaya masa ba har ya bar duniya). Na daidaita, na fito, na ciro allon daga jaka. Nan na tsaya. Fuska biyu, murfi biyu, duka fari a waje. Wacce na ɗauki jaki da ita?

Mutane ɗari suna kallona. Na yi lissafi irin na mushe: jiya fuskar dama na sa, to yau sai ta hagu. Bai zo min a rai ba cewa abin da ka jefa cikin jaka ya kwana yana juyi, ba shi da dama ba shi da hagu. Da ina da hankali da na ɗauka sau biyu, fuska da fuska, ɗaya dole ta fita. Amma sai in nuna wa jama'a ban tabbata ba? Na zura, na zare murfi, na ɗaga hannu.

"Attention! Kada kowa ya motsa!"

Har 'yan dakon da ke bayana suka sandare. Ƙyat. Aka yi ta sa albarka. Kafin azahar kamiyo suka soma lodi, kafin kwana biyu filin ya koma fili.

Na ba shofer allon ya kai wa Baba Lasisi ya wanke. Mako guda na yi ina tafiya a gari kamar wanda aka naɗa sarauta. Mutum huɗu suka tare ni suna so a ɗauke su. Ranar Juma'a da safe shofer ya kawo min ambulan a manne, ya ce, "Tsohon ya ce in gaya maka, ka buɗe kai kaɗai ka duba kafin ka kai."

Na ce a raina hassada ce ta tsohon ɗan sana'a. Wa yake kai wa babban mutum ambulan yagagge? Na sa shi cikin littafi don kada ya lanƙwashe.

Bayan an sauko daga masallaci zauren Alhaji yakan cika: 'yan kasuwa, dattawan unguwa, baƙi daga Gidan Amumune da suka zo ciniki. Wannan lokacin na zaɓa, da gangan. Na yi sallama, na durƙusa, na miƙa da hannu biyu. Alhaji ya yi bismilla, ya yage bakin ambulan a hankali, ya zaro hoton.

Ya duba. Ya nisanta shi da fuskarsa. Ya matso da shi. Ya karkata shi wajen hasken ƙofa. Ni ina murmushi, ina jiran yabo, ina cewa a raina mamaki ne ya hana shi magana. Malam Tanko, wanda ba ya iya jira, ya miƙa hannu ya fizge.

"La'ilaha illallahu! Jakina!"

Na tashi na leƙa ta kafaɗarsa, kuma da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Ga tsibin gyaɗa nan, ya fito tsaf, har ɗinkin buhu ana gani. Ga Alhaji nan da kwarjininsa. Amma a kan baƙar rigar nan, daga ƙirji zuwa ciki, farar fuskar jaki ce ta zauna daram, tana kallon mai kallo da haƙuri. Kunnuwan biyu sun fito ta kafaɗun Alhaji, ɗaya dama ɗaya hagu, sun sa rawaninsa a tsakiya. Ko da aunawa aka yi ba za a samu daidaito irin wannan ba.

Malam Tanko ya zube a tabarma yana riƙe ciki. "Ilu! Yaushe kuka ƙulla zumunta ban sani ba? Ku duba, jama'a, ku duba idanun, wallahi har kama suke! Daga yau ba ni ɗora mashi kaya, ya zama babban mutum."

Hoton ya soma zagaya zaure hannu zuwa hannu. Dattawa suna ƙoƙarin riƙe dariya saboda girman mai gida, sai ka ji mutum ya yi tari, ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Wani baƙo ya fita waje da gudu, muka jiyo shi daga can.

A nan ne ya kamata in sunkuyar da kai in ce na yi kuskure. Maimakon haka na gyara murya, na ce, "Baba, ai wannan a Turai sananne ne. Surimpression ake ce masa. Da gangan ake yi."

Alhaji ya ɗago ya dube ni, karo na farko.

"Da gangan ka yi ke nan?"

"A'a, Baba! Wallahi a'a!"

"To, mi ya kawo Turai?"

Na ce, da muryar da ni ma da ƙyar na ji, sai a sake wani.

Ya ce, "Gujiyar da ta kai bakin teku? Ka bi ta ka maido?" Ya miƙa hannu aka dawo masa da hoton, ya sa a aljihun rigarsa, ya ce, "Tashi ka tafi, Mushe. Rana ta yi."

Na fita har na kai gida kafin na lura takalmina suna can bakin zaure. Ban koma ɗaukarsu ba. Kafin magariba duk Tasawa ta ji. Mutum huɗun nan da suka so hoto, kowa ya tuna yana da tafiya. Mariyama ta aiko gwaggonta ta tambaye ni, wai ita in an tashi ɗaukarta da akuya za a haɗa ko da tunkiya, don ta san kayan da za ta sa. Wannan ya fi komai yi min zafi, ko da yake daga baya na gane wadda ta fasa ba ta aiko da wasa.

Alhamis ta gaba na koma Maraɗi, ba girman kai ba kari a wando. Baba Lasisi bai yi dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo. Ya nuna min ɗaya fallen, fari fat, ko haske bai taɓa gani ba. Sannan ya ɗauki allon ya ƙarasa maganar da na katse masa: in ka ɗauka, ka juya murfin, baƙi a waje, kowa ya san wannan fuskar ta ci. Shi ke nan. Ko minti ɗaya bai kai ba. Na yi masa Alhamis goma sha ɗaya ina wanke tasoshin magani, ban ce na karanta komai a littafi ba.

Maganar aure kuwa na cire rai. Wata guda ban bi ta layin gidan Alhaji ba, sai in zagaya ta bayan kasuwa. Sai rannan kawuna ya zo yana washe baki, ya ce Alhaji ya kira su ya ce ya ba ni. Malam Tanko, wanda yana wurin, shi ya faɗa min yadda aka yi. Wai Alhaji cewa ya yi, "Na yi tunani. Bare in ya ɗauke ka da jaki, sai ya bi gari gari yana ba da labari har ya tsufa. Suruki kuwa dole ya kama bakinshi. Ku kawo goro."

Na kuwa kama bakina. Shekara da shekaru muna zaune da shi, na ɗauki rabin Tasawa hoto da jan akwatin nan, amarya da ango, masu zuwa Makka, sojan da ya zo hutu, amma shi bai ƙara tsayawa gabana ba, ni kuma ban taɓa tayar da zancen ba. Sai yanzu da ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, nake rubutawa. Gyaɗa ma ba ta ƙara yin irin ta shekarar nan ba. Fari ya zo, kamiyo suka daina zuwa, filin awon yanzu gidaje ne. In kana neman shaidar cewa an taɓa tara buhuna a Tasawa har suka tsere wa soro, a iya sanina hoton nan kaɗai ya rage a danginmu. Ashe bai yaga shi ba. Cikin takardunsa aka same shi, a naɗe da tsumma mai tsabta, aka ba Mariyama.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Tsohon kaya mai araha ba ya da laifi, in dai mai sayensa ya yarda shi sabo ne. Kuma ba kullum ake ba mutum mata don an ga cancantarsa ba, wani lokaci don a rufe masa baki ne. Mariyama dai ta san amfanin gadonta. Har yau in gardama ta haɗa mu na soma ɗaga murya, ba ta tanka min. Sai ta miƙe a hankali ta nufi akwatin kayanta, ni kuma kafin ta kai hannu ga makulli na riga na yarda ita ke da gaskiya.